Mai da Google Drive ko OneDrive foldar takardunka ta kullum: tambayoyin da aka fi yi min

Salamu alaikum jama'a. Ina da shagon kwamfuta a Aboabo nan Kumasi, taifin da firintin da fotokwafi da cike fom, to kuma tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita min kan wannan maganar ajiye takardu a intanet, daga ɗalibai har malaman makaranta har 'yan kasuwa. Shi ya sa na ce bari in tattara su wuri ɗaya kowa ya karanta. Na fi magana kan Windows da Android don su ne a hannun yawancinmu.

Yaya wai mene ne ma abin, ba dai loda fayil a intanet ba ne?

Akwai bambanci. Lodawa shi ne ka buɗe burauza ka ɗauki fayil ka tura da hannunka, gobe in ka gyara na kan laftof to na can yana nan yadda ka bar shi, tsoho. Wannan kuwa manhaja ce kake sakawa a kwamfuta, ta ba ka folda kamar kowace folda, ka buɗe Word ka yi rubutunka ka yi sebin a ciki, ita kuma a ɓoye tana duba abin da ya canza tana turawa can ma'ajiyar kamfanin, daga can ya sauko wa duk wata kwamfuta da ka shiga da akawun ɗin, a waya ma ka gan shi. Ka gyara CV a gida da daddare, da safe kana cikin motar haya torotoro za ka Adum wani ya ce turo min, ka buɗe waya ka tura sabon. Babu zancen na manta fendiraib a wando.

To wanne zan ɗauka?

Wanda ya dace da abin da kake riƙe da shi. Google Drive na ba da 15GB kyauta, OneDrive 5GB, iCloud 5GB, Dropbox 2GB. Mai wayar Android dama yana da Gmail, kenan yana da Drive ko bai taɓa buɗewa ba, sai dai ya sauke manhajar kwamfuta ya saka. OneDrive kuwa yana cikin Windows 10 da 11 tun asali, kuma in aikinka Word da Excel ne kullum ya fi zama da su lafiya. Dropbox yana aiki tsaf, amma 2GB ba komai ba ne yanzu kuma na kyauta na'ura 3 kawai zai bari ka haɗa.

Ra'ayina, ɗauki ɗaya ka tsaya a kai. Masu rabawa nan kaɗan can kaɗan don su ci kyautar kowa, su ne ke zuwa suna tambaya ta ina takardarsu take, ni kuma ina zan sani.

15GB ɗin zai ishe ni?

In takardu ne zalla, wasiƙu da CV da Excel da PDF, za ka daɗe sosai ba ka cika shi ba, fayil ɗin Word na rubutu kawai sau da yawa ko 1MB bai kai ba. Matsalar ita ce ba Drive kaɗai ke cin wurin ba. Gmail na ci a ciki, Google Photos na ci tun 1 ga Yuni 2021 da suka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, sannan daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 bakof ɗin WhatsApp na Android, wato kwafin ajiyar hirarrakinka, shi ma ya shiga lissafi. Kun dai san WhatsApp ɗinmu, bidiyon biki da na suna da wa'azi da gaisuwar Juma'a daga guruf goma. Ranar da ya cika ba hawan takardu kawai zai tsaya ba, Gmail ɗinka ma zai daina karɓar saƙo, kana nan kana jiran amsar neman aiki ko ta makaranta ashe saƙon komawa yake. Shiga saitin WhatsApp ka cire bidiyo daga bakof, wannan kaɗai na rage kaya mai yawa.

In ka ga dole sai ka saya, Google One yana da tsarin 100GB kuma za ka iya raba shi da mutum 5, Microsoft 365 na mutum ɗaya na zuwa da 1TB haɗe da Word da Excel ɗin kansu.

In an ɗauke wuta ko netwok ya ƙi fa, ba zan iya buɗe takarduna ba kenan?

Nan ne ya kamata a natsu, don ganin sunan fayil a folda ba ya nufin fayil ɗin na cikin kwamfutarka. A OneDrive duba 'yar alamar da ke gefen kowane fayil. Gajimare shuɗi na nufin yana can intanet kawai, suna ne ka gani, sai da netwok zai buɗe. Alamar maki kore a cikin farin zagaye na nufin ka taɓa buɗe shi ya sauko, amma Windows na iya mayar da shi sama in yana neman wuri. Zagaye kore cikakke shi ne wanda ya zauna daram. Don haka foldar da kake aiki da ita kullum, danna ta da hannun dama na maus ka zaɓi Always keep on this device, shi kenan.

Shi Google Drive na kwamfuta hanya biyu gare shi. Akwai Stream, wanda zai fito maka kamar wani dis daban, yawanci G, fayilolin suna can sama sai ka buɗe su sauko. Akwai Mirror, wanda ke ajiye cikakken kwafi a kwamfutarka. Ga mai zama a ƙasar nan ni Mirror nake ba shawara in akwai wuri a dis, ko ka bar Stream ɗin amma ka sa manyan foldodinka su zama na ko-babu-intanet.

Wanda yake gani kamar ƙari nake ya tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, Ghana da maƙwabta aka shiga wani hali na kwanaki. Wanda takardunsa ke kan dis ya ci gaba da aikinsa, da netwok ya dawo komai ya hau da kansa. Wanda duk nasa gajimare ne sai kallo. Dumso kuma, wato ɗauke wutar nan tamu, ba sai na yi bayani ba, laftof na da batir amma rauta, na'urar wayfai, ba ta da shi.

Ba zai shanye min data ba?

Lodin farko shi ne mai ci, in foldarka 6GB ce to 6GB za ta ci, babu dabara. Yi shi inda akwai wayfai ko da bandul ɗin dare. Bayan nan abin da ka canza kawai ke tafiya, na takardu kuwa ɗan kaɗan ne. In kana haɗa laftof da hotspot ɗin waya, shiga saitin wayfai na Windows ka nuna masa cewa wannan layin na awo ne, OneDrive zai dakata da kansa, ko ka dakatar da shi da hannu na awa 2 ko 8 ko 24. A waya ma Drive na da saitin kada ya tura fayil sai a wayfai. Abin da ke kashe bandul shi ne ka jefa bidiyon walima 3GB a kan Desktop ka manta cewa Desktop ɗin ma yana cikin abin da ake turawa.

Malam kenan in na yi haka na yi bakof, hankalina ya kwanta?

Rabi ya kwanta. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Abin da yake tsare maka gaskiya ne kuma babba ne. An sace laftof, ko dis ya mutu, ko yaro ya zuba koko a kan kibod, ko Allah ya kiyaye gobara irin ta kasuwar Kantamanto ta Accra a Janairu 2025 da ta Adum a Maris ɗin shekarar, ka samu wata kwamfuta ka shiga akawun takardunka su dawo. Fendiraib ɗin da ke cikin durowa ɗaya da laftof ba zai yi maka wannan ba.

Amma shi fa madubi ne, ka yi dariya ya yi, ka ɗaure fuska ya ɗaure. Ka goge fayil a laftof, ya goge a sama, ya goge a waya. Ka share rabin rubutun ka yi sebin, rabin zai tura ko'ina. Ƙwayar cutar kwamfuta irin mai kulle fayiloli ta nemi kuɗi ta shige ka, kullallun zai kwasa ya loda su a kan masu kyau. Shi ba ruwansa da ko da gangan ka yi ko kuskure ne, aikinsa kawai ya ga ko'ina ya zama iri ɗaya. Akwai wata baiwar Allah da ta ga laftof ɗinta ya cika, ta ce ai komai na can sama, ta bi foldar ta goge don ta samu wuri, sai bayan wata biyu ta zo neman lissafin adashi. Babu abin da na iya yi mata. In wuri kake nema a dis, akwai Free up space a OneDrive, shi ke cire kwafin kwamfuta ya bar na sama, gogewa daban take.

Sannan akwai ranar da akawun ɗin kansa zai kuɓuce maka, ka manta fasiwod ko wani ya ƙwace. Don haka sai ka ƙara da kwafi na uku wanda ba ya haɗe da komai, had-dis na waje ko fendiraib mai kyau, lokaci-lokaci ka kwafe foldar gaba ɗaya ka cire shi ka ajiye, in so samu ne ba a ɗaki ɗaya da kwamfutar ba. Mai shago ya kai gida, mai aiki a gida ya ba wa wani ɗan'uwa amintacce. Kar ka bar shi a maƙale jikin laftof kullum, in cuta ta shiga har shi za ta ci.

Na goge fayil bisa kuskure, ko na ɓata shi na yi sebin. Akwai dawowa?

Akwai, in ka yi sauri. Buɗe shafin Drive ko OneDrive ko Dropbox a burauza ka duba kwandon shara na can, abin da aka goge na zama kwana 30 a akawun na talaka irin namu kafin ya tafi gaba ɗaya. In kuma gyara ne ya ɓaci, danna fayil ɗin da hannun dama ka nemi tarihin sigoginsa, za ka ga na jiya da na shekaranjiya ka dawo da wanda kake so. A Drive, fayil irin Word ko PDF ana riƙe tsofaffin sigoginsa kwana 30 ko guda 100, sai dai in ka ce a riƙe wata har abada. Kwana 30 ɗin nan kamar da yawa, amma takardar da sai ƙarshen zangon karatu ko lokacin Hajji ake buɗe ta, kafin ka lura ta ɓata wa'adin ya wuce.

Me ya sa nake ganin fayil ɗaya ya zama biyu, ɗaya da sunan kwamfutata a jiki?

An gyara shi a wuri biyu kafin su ji daga juna. Misali ka taɓa shi a kwamfutar shago babu netwok, ka je gida ka sake taɓa shi a laftof. Manhajar ba ta san wanne za ta zaɓa ba sai ta ajiye duka biyun, OneDrive ya liƙa sunan kwamfuta, Dropbox ya rubuta cewa kwafin saɓani ne. Gara haka da ta zaɓa maka ai. Buɗe su biyun ka haɗa ka goge ɗaya.

Maganinsa ɗabi'a ce kawai. In ka gama aiki rufe fayil ɗin, ka kalli alamar da ke ƙasa kusa da agogo ta nuna ta gama, sannan ka rufe laftof. Mutanenmu ana kiran sallah sai dai ka ji fam an kife murfi, fayil bai gama hawa ba.

Akwai abin da bai kamata in saka a ciki ba?

Duk fayil ɗin da manhaja ke riƙe da shi a buɗe tana rubutu ciki ba tsayawa. Fayil ɗin ajiyar saƙonni na Outlook, rumbun bayanai na Access, fayil ɗin kamfani na QuickBooks da irin manhajojin lissafin kanti da na kemis. Waɗannan in ana tura su sama suna tsakiyar aiki suna iya lalacewa. Bar su a inda suke, ka sa manhajar ta fitar da bakof ɗinta, shi wannan bakof ɗin ka jefa a foldar. Masu haɗa bidiyon biki su ma su yi aikinsu a dis, in sun gama su loda na ƙarshe in suna so.

Sunan fayil ma a kula, alamomi irin su : da ? da * da / ba sa shiga, kuma folda cikin folda cikin folda da dogayen sunaye na sa abu ya maƙale.

Na sayi laftof sabo, na ga Documents ɗina ya koma cikin OneDrive ban sa shi ba.

Lokacin saita Windows in ka shiga da akawun na Microsoft kana ta danna gaba-gaba, yana iya kunna ajiyar Desktop da Documents da Pictures. Ba ɓata suka yi ba, matsar da su aka yi zuwa cikin foldar OneDrive. In kana so ka bari, dama abin da muke magana kenan, sai dai 5GB zai cika da wuri saboda hotuna. In ba ka so ka kashe a saitin, amma ka duba da kyau, in ka ga Documents wayam kar ka firgita, fayilolin na cikin foldar OneDrive, ka kwaso su ka mayar. Kar dai ka fara da gogewa.

Masu sayen laftof na hannu a Adum ko PZ, ku duba ko akawun ɗin mai shi na da ko na mai gyara na nan a shige. In yana nan takardunka wajen wani suke tafiya.

Ghana Card da fasfo da takardun fili, lafiya in saka su?

Ni ina sakawa, don ranar da ake neman kwafin fasfo da gaggawa ka ga amfaninsa, kuma manhajar Drive ta waya na iya ɗaukar takarda ta mai da ita PDF. Amma ka sani kamfanonin nan suna kulle bayanan ne da mabuɗin da ke hannunsu su ma, sannan duk wanda ya samu shiga akawun ɗinka ya samu komai. To ƙofar ita ce abin tsarewa. Fasiwod kar ya zama lambar wayarka ko sunan ɗanka da shekarar haihuwa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan fasiwod sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 na shiga akawun in wayarka ba ta hannunka, firinta su ka ajiye tare da takardunka na asali. OneDrive na da wani sashe Personal Vault mai neman ƙarin tabbaci, na kyauta fayil 3 yake ɗauka. Ko ka dunƙule takardun da manhajar 7-Zip ka sa musu fasiwod kafin ka loda.

Lambar wayar da ka ɗaura wa akawun ita ce ta fi ba mutane ciwon kai a nan. Da yawa sun buɗe Gmail da wani tsohon sim, ko ma yaron da ya saita musu waya a Kejetia shi ya buɗe da tasa lambar, to a 2023 aka rufe layukan da ba a haɗa da Ghana Card ba, wasu kuma sun tafi Turai ko Saudiyya layin ya mutu. Shiga yau ka duba wace lamba da wane imel ke ciki ka gyara tun kana iya shiga. Kuma in ka shiga a kafe ɗin intanet ko a shago irin nawa don firintin, ka fita kafin ka tashi, kar ka ji kunyata.

Wanda ke riƙe da bayanan wasu, makaranta mai sunayen yara ko wakilin tafiye-tafiye mai fasfunan alhazai, nasa ya wuce son rai, akwai dokar kare bayanai ta 2012, Act 843. Amana ce kuma, ko babu doka.

Mu ƙungiya ce, mu buɗe akawun ɗaya kowa ya san fasiwod?

A'a don Allah. Ranar da aka yi saɓani ko sakatare ya sauka, mutum ɗaya zai canza fasiwod ya bar ku a waje, kuma in abu ya ɓata ba a san wa ya taɓa ba. Kowa ya zo da nasa akawun, a raba folda, a ba ma'aji da sakatare ikon gyara, sauran ikon kallo kawai. Ku lura fayil na wanda ya ƙirƙire shi ne, wurinsa yake ci, kuma in ya goge ya kwashe shara ya tafi wa kowa, don haka in za a canza shugabanni a mayar da mallakar fayiloli tun ana dariya. Shi kuma linkin nan na duk-mai-shi-ya-buɗe, in ka jefa a guruf ɗin WhatsApp ka ɗauka ya zaga zango, kar ka yi shi da takardar kuɗi.

Ina da akawun na jami'a mai wuri da yawa, in zuba komai a can?

Aikin karatu eh, takardunka na kai a'a. Akawun ɗin na makaranta ne ko na wajen aiki, masu kula da shi na iya rufewa in ka gama ko ka bar aiki. Ɗalibai ku kwashe firojek ɗinku kafin bikin yaye.

In na daɗe ban shiga ba, ko na daina biya, ko mutum ya rasu fa?

Google ya sanar cewa akawun ɗin da ya shekara 2 ba a taɓa ba yana iya goge shi da abin da ke ciki, ya fara aiki da hakan daga Disamba 2023. In ka daina biya kuma kayanka sun fi na kyauta yawa, ba a take za a goge ba, amma sabon abu ba zai hau ba kuma za su yi ta turo gargaɗi, in ka yi biris na dogon lokaci suna iya sharewa. Wannan tsayawar ita ce mai haɗari ga mai amfani da shi kullum, kana ta sebin kana zaton yana hawa alhali ya tsaya tun watan jiya, don haka ka riƙa kallon alamar nan ta kusa da agogo.

Zancen rasuwa ba a son yi amma mun sha gani, maigida ya tafi, takardun gida da lissafin bashi da na shago duk suna cikin akawun ɗin da ba wanda ya san mabuɗinsa, ga rabon gado na jira. Google na da Inactive Account Manager, inda kake zaɓar mutanen da za a ba damar sauke bayananka in an yi wata kaza ba ka shiga ba, kai ke zaɓar tsawon lokacin da abin da za su gani. In wannan ya yi maka wuya, rubuta imel ɗin da fasiwod da lambobin ko-ta-kwana a takarda, ka sa a ambulan ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, ka faɗa wa mutum ɗaya. In ka canza fasiwod ka tuna ka canza takardar.